Gilaburu ko kalina: wace itaciya ce, kuma da gaske tana narkar da tsakuwar ƙoda?

Baban Walid
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin bayani daga waɗanda suka zauna Turkiyya ko suka karanci tsirrai. Akwai wani jan ruwa a kwalba da ya fara yawo a hannun masu sarin kaya daga Istanbul, sunansa gilaburu, wai yana narkar da tsakuwar ƙoda. An kawo wa kawuna kwalba biyu, shi kuma tsakuwar ta daɗe tana ba shi wahala. Kafin ya fara sha nake so mu ji: wace itaciya ce ke haifar da shi, a ina take fitowa, kuma abin da ake faɗa a kanta gaskiya ne ko tallan 'yan kasuwa ne kawai?

Ɗalibin Kayseri
Wa alaikumus salam, Baban Walid. Ka zo gida, domin Kayseri ita ce cibiyar gilaburu a Turkiyya. Garin yana tsakiyar ƙasar, a gindin dutsen Erciyes mai tsawon mita 3,917, kuma hunturunsa na dusar ƙanƙara ne sosai. Ƙasar yankin busasshiya ce, don haka ba a ko'ina za ka ga itaciyar ba, sai a bakin lambuna da gefen magudanan ban-ruwa, inda saiwarta ke samun laima.

Wajen Oktoba ake tsinke 'ya'yan, kuma ba ɗaiɗai ake tsinkewa ba, da almakashi ake yanko curin gaba ɗaya da karansa. A wanke, a zuba a manyan kwalabe ko robobi, a cika da tsabtataccen ruwa har ya shanye kansu, a rufe, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Ba gishiri, ba sukari. Kamar wata uku yake ɗauka. Idan ya tsimu, sai uwar gida ta ɗebo da ludayi gwargwadon na ranar, ta matse a mataci, ɓawo da ƙwallayen su tsaya, jan ruwa mai kauri ya sauka, ta ƙara ruwa da sukari. Ragowar kuwa yana nan cikin ruwansa har zafi ya shigo.

Ɗanɗanonsa tsami ne da ɗan bauri, da wani wari da baƙo ba ya so a karon farko. Mutanen garin kam tun suna yara suke sha, kuma su ma maganin ƙoda suke ɗaukarsa.

Baba na Gandun Daji
Madalla da wannan bayani, ɗana. Bari in ɗora da abin da ya shafi itaciyar kanta.

Sunanta a wurin masana Viburnum opulus, sunan da Linnaeus ya rubuta mata a 1753. Jinsin Viburnum yana da nau'o'i sama da 150, mafi yawansu a gabashin Asiya, sai Meziko da duwatsun Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. A Afirka sai can arewa, a duwatsun Maroko da Aljeriya. Babu ko ɗaya a dazuzzukanmu, shi ya sa ba ta da suna a Hausa.

Ita wannan da ake magana ba doguwar bishiya ba ce mai gangar jiki ɗaya. Rassa ne da yawa suke tashi daga tushe, su yi mita 4, wani lokaci 5. Ganyenta bibbiyu suke fitowa, ɗaya yana fuskantar ɗaya, kowane ya rabu yatsu uku, bakinsa da haƙora, tsawonsa santimita 5 zuwa 10. Idan ka duba sandar ganyen, dab da inda faɗinsa ya fara, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle. Ruwa mai zaƙi suke tsattsafowa, tururuwa na hawa su sha.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne furenta, wanda ke buɗewa a Mayu da Yuni. Furannin a tare suke fitowa, shimfiɗe, faɗin tarin ya kai santimita 4 zuwa 11. Na gefe manya ne, farare tas, sun zagaye tarin, amma ba su haifar komai, ba su da sassan haihuwa masu aiki. Na tsakiya ƙanana ne, ba su wuce milimita 5 ba, ba ka lura da su ma, kuma su ne masu yin 'ya'ya. Manyan aikinsu kiran ƙwari ne daga nesa. Ƙwaro ya sauka saboda su, sai ya taka ƙananan ya kwashi garin fure. Wato itaciyar ta raba aiki tsakanin furanninta, wasu na kira, wasu na haihuwa. Subhanallah.

'Ya'yan kuma ja ne mai sheƙi, milimita 7 zuwa 10, idan rana ta haske su har kana ganin ƙwallon ciki. Ƙwallo ɗaya ne tak, falele. Mazauninta na asali bakin kogi, gefen kurmi mai laima, shingen gonaki da fadamu, tun daga Ingila har Siberiya. Tana jure inuwa, amma ta fi zuba 'ya'ya inda take samun rana.

Maman Ilham
Ikon Allah! Ina ganin bayanin Baba na gane ta. Wannan ai kalina ce. Duk wanda ya yi karatu a Yukren ya san ta, kuma kafin yaƙin 2022 dubban 'yan Najeriya ne a can. A Ternopil na zauna. Su ba a ruwa suke jiƙa ta ba. Bari suke sai jaura ta farko ta daki 'ya'yan, saboda ɗacin yana raguwa idan sun daskare. Sannan a yanko curi-curi, a ɗaure da zare, a rataye a ƙarƙashin rufin ɗaki ko a baranda. A kasuwa za ka ga tsofaffin mata sun jera ɗaurin a kan tebur tare da kwalaben zuma.

Matar da muka yi haya a gidanta takan murje su da cokali a kwano, ta gauraya da zuma ko sukari, ta cika kwalba. Da wani ya fara mura ko tari, sai ta ɗebi cokali ta zuba a ruwan ɗumi. Dattawansu kuma suna sha don hawan jini. Ana sa ta a cikin burodi mai cushe, ana kuma dafa ta ta yi kauri a shafa.

Wani abu kuma, su Yukren ba magani kaɗai suke kallonta ba. Alamar ƙasarsu ce. Suna saƙa hotonta a jikin riguna da tawul ɗin ado, suna ƙawata burodin biki da jan curinta, tana cikin waƙoƙinsu na aure da na yaƙi, suna dasa ta a bakin rijiya da kan kabari. Rashawa ma suna ji da ita, har mota suka sa wa suna Lada Kalina.

Abu Sumayya
Ni tambayata ɗaya ce. Abin da aka rufe a kwalba wata uku yana tsima, anya bai zama giya ba? Kada garin neman lafiya a sha haram.

Ɗalibin Kayseri
Yaya Abu Sumayya, ni ma sai da na yi wannan tambayar kafin in kai baki. Kayseri gari ne na masu riƙo da addini, kuma limamai da tsofaffi da yara duk suna sha, babu wanda yake buguwa.

Anti Mai Kimiyyar Abinci
Tambayar tana kan hanya. Tsimuwa iri biyu ce. Akwai wadda yis ke cin sukari ya mai da shi barasa, akwai wadda wasu ƙwayoyin bakteriya ke cin sukari su mai da shi tsami. Ta biyun ita ce irin wadda ke mai da madara kindirmo, kuma ita ce ta rinjayi gilaburu. 'Ya'yan nan ba su da yawan sukari, tsaminsu ya yi yawa, ba a ƙara musu komai, ga wurin ajiyar da sanyi. Inda matsala za ta iya shigowa shi ne a matse, a zuba sukari, sannan a bar shi kwana da kwanaki a zafin Kano ko Sakkwato. A nan kam yis zai samu abin ci. Saboda haka a haɗa na rana ɗaya kawai, wanda aka buɗe a sa shi a firiji. Idan kwalba ta kumbura ko tana kumfa da huci idan an buɗe, a zubar.

Ustaz Abu Hafsa
Abin da Anti ta faɗa ya wadatar. Ƙa'idar ita ce duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Tsami shi kaɗai ba ya haramta abin sha. Wallahu a'alam.

Baban Walid
Allah ya gafarta Malam, mun gode. Saura babbar maganar, ta tsakuwa.

Hajiya Mai Kayan Turkiyya
Ni ina kawo shi, kuma ba zan ɓoye ba. Wallahi mutane da yawa sun saya sun dawo suna godiya. Akwai wadda ta kawo mini tsakuwar a ƙunshe cikin takarda ta nuna mini, bayan ta yi sati biyu tana sha. Turkawa ba wawaye ba ne da za su yi ɗaruruwan shekaru suna shan abin da ba ya aiki. Mu dai matsalarmu, duk abin da ba daga kantin magani ya fito ba sai a ce ƙarya ne.

Anti Likita
Hajiya, ban ce kin yi ƙarya ba, kuma na yarda matar nan ta fitar da tsakuwa. Amma mu tsaya mu duba abin da ya faru a jikinta.

Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara siriri ne, faɗinsa milimita 3 zuwa 4, yana ɗan buɗewa. Tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba, mafi yawan lokaci da kanta take fita cikin 'yan makonni, ko an sha magani ko ba a sha ba, musamman idan mutum yana shan ruwa da yawa. Daga 5 zuwa 10, wata ta fita wata ta maƙale. Wadda ta haura 10 da wuya ta fita sai an fasa ta ko an ciro ta. To wanda yake shan kofi uku na gilaburu da aka sirka da ruwa kullum, ya riga ya ƙara yawan ruwan da yake sha. Kuma ki lura, tsakuwar da aka nuna miki fita ta yi, ba narkewa ta yi ba.

Kalmar narkewa ce nake so mu yi hattara da ita. Mafi yawan tsakuwar ƙoda ta kalsiyam da okzalet ce, kuma wannan babu abin shan da ke narkar da ita. Wadda ake iya narkarwa ita ce ta sinadarin yurik, ta hanyar rage tsamin fitsari da magani, likita yana aunawa.

Ba ina nufin gilaburu ba shi da komai ba. An yi gwaje-gwaje a Turkiyya, a kan ɓeraye da kuma a kan mutane ƙalilan, sun nuna alamar yana ƙara fitsari, yana sassauta naman bututun, kuma yana ɗauke da sitiret, sinadarin da ke hana tsakuwa haɗuwa, irin wanda ke cikin lemon tsami. Alama ce mai kyau, amma ƙananan gwaje-gwaje ne. Sun isa a ce zai iya taimaka wa ƙaramar tsakuwa ta wuce. Ba su isa a ce wa mai tsakuwar santimita 2 ya fasa zuwa asibiti ba.

Hajiya Mai Kayan Turkiyya
To Dokta, ai kin dawo kan maganata. Yana taimakawa.

Anti Likita
Ga wasu, Hajiya. Bambancin yana wurin wanda kika sayar wa. Abin da ke ɗaga mini hankali shi ne tsakuwa tana iya toshe bututu, ciwon ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ƙodar tana kumbura a hankali har ta daina aiki. Mun sha ganin haka, mutum ya zo bayan watanni yana shan jiƙe-jiƙe, a yi hoto a tarar ƙoda ɗaya ta tafi. Roƙona gare ki, duk wanda ya zo saye ki tambaye shi ko ya yi hoto, kuma nawa aka ce girman tsakuwar.

Baban Walid, a kai Kawu a yi masa hoton ciki da gwajin jini na aikin ƙoda tukuna. Idan ƙarama ce kuma ƙodarsa lafiya, ya sha a sirke, ba da sukari mai yawa ba, ya rage gishiri, ya sha ruwa har fitsarinsa ya kai lita 2 zuwa 2.5 a rana. A zafinmu wannan ba ƙaramin ruwa ba ne, kuma ƙarancin shan ruwa cikin zafi yana daga manyan dalilan tsakuwa a wajenmu. Idan ƙodar ta riga ta yi rauni, kada ya sha sai likitansa ya yarda, saboda ruwan 'ya'yan itace yana da potasiyam, rarraunar ƙoda kuma ba ta iya fitar da shi. Mai gyambon ciki ma tsamin zai dame shi. In kuwa zazzaɓi da rawar sanyi suka haɗu da ciwon kwiɓi, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ɗauke, a daren za a tafi asibiti, ba a jira safiya.

Hajiya Mai Kayan Turkiyya
Maganar tambayar hoto na karɓa. Amma ba zan daina kawowa ba.

Anti Likita
Ban nemi ki daina ba, Hajiyata. Kalmar narkarwa kawai za ki cire daga tallan.

Maman Ilham
Baba, ina da tambaya. Na ga ana sayar da sassaƙen kalina a kantin magani a Yukren, a ɗan kwali, wai na ciwon mara ne. Itaciya ɗaya ce?

Baba na Gandun Daji
Ita ce, 'yata. Ana ɓare ɓawon rassan ne a farkon fitar ganye, lokacin da ruwan itaciyar ya taso, ɓawon yana saɓulewa cikin sauƙi. A shanya a inuwa, a tafasa a sha. Turawa da 'yan asalin Amurka ta Arewa duk sun daɗe suna amfani da shi don murɗawar mara da ɗaurewar nama. A cikinsa akwai sinadarin da ake kira sikopoletin, wanda ke sassauta nama mai murɗawa, da kuma asid ɗin balerik. Wannan na biyun shi ne tushen warin da ɗanmu na Kayseri ya ambata, kuma idan aka dafa 'ya'yan warin yana cika gida.

Tana da 'yar'uwa a gabashin Amurka, Viburnum prunifolium, mai baƙaƙen 'ya'ya, wadda sassaƙenta ya fi shahara wajen hana ɓari. Tarihinta akwai ɗaci. A ƙarni na 19, a gonakin auduga na kudancin Amurka, matan da aka bautar sukan tauna saiwar auduga don kada su haifi 'ya'yan da za a sayar, iyayen gijin kuma su tilasta musu shan wannan sassaƙe don cikin ya tsaya. Duk lokacin da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi.

Anti Likita
Baba ya gama magana. Ƙari kawai: abin da ke taɓa mahaifa ba abin gwaji ba ne ga mai juna biyu. Kuma ɗanyun 'ya'yan, musamman waɗanda ba su nuna ba, idan aka ci da yawa suna sa amai da gudawa. Shi ya sa ba za ku ji ƙasar da ake cin su hannu baka daga reshe ba. Ko a jiƙa, ko a jira jaura, ko a dafa.

Manomin Jos
Jama'a, ni kuma ta fuskar noma nake kallon abin. Maimakon a riƙa kashe kuɗin jirgi a kan ruwa a kwalba, me zai hana mu dasa? A nan Filato muna noman tuffa da sitiroberi da dankalin Turawa. Ga Mambila ma da ta fi mu sanyi. Ɗanmu na Kayseri, idan za ka dawo hutu ka yanko mini 'yan rassa ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ni zan gwada.

Baba na Gandun Daji
Malam, niyyarka mai kyau ce, amma akwai cikas biyu, kuma na biyun ya fi nauyi.

Na farko sanyi. Wannan itaciya tana zubar da ganye ta yi barci duk hunturu, tana jure sanyin da ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Idanun rassanta ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun tara ɗaruruwan sa'o'i a sanyin da ke tsakanin sifili da digiri 7. Jos tana kan tudu na kimanin mita 1,200, dararen Disamba da Janairu suna da sanyi, amma da rana ta fito sai ɗumi ya dawo ya warware abin da dare ya tara. Tuffar da kuke nomawa zaɓaɓɓun iri ne masu buƙatar sanyi kaɗan, kuma kun san dabarar zage ganye da kuke yi don ta yi fure. Kalina za ta iya yin ganye ta rayu, amma ganye ba shi kake nema ba.

Irinta ma yana da nasa sha'ani. Barcinsa hawa biyu ne. Sai ya samu watannin ɗumi sannan saiwa ta fito, ta tsaya nan, sai kuma ya samu watannin sanyi sannan kan tsiron ya ɓullo. A daji, ƙwallon da tsuntsu ya yar a hunturun bana sai bayan kusan wata 18 ake ganin ganyensa. Shi ya sa masu lambu suka fi yin dashen reshe, ko su lanƙwaso reshe su binne tsakiyarsa ya yi saiwa.

Manomin Jos
Baba, da girmanka, haka aka ce mana a kan tuffa da inabi, kuma ga shi muna ci. Ba a sanin abu sai an gwada. Tunda ka ce dashen reshe yana kamawa, ai shi na nema.

Baba na Gandun Daji
Gwaji ban hana ka ba, hanyar ce nake ƙi, kuma ita ce cikas na biyu. Akwai wani ƙwaro, Pyrrhalta viburni, da ba ya cin komai sai wannan jinsi. A ƙarshen zafi macen takan ƙwaƙule ƙananan ramuka a jere a ƙarƙashin sabon reshe, ta zuba ƙwai a kowane, ta liƙe bakin da taunannen ɓawo. Ido ba ya kama shi sai wanda ya san abin da yake nema. Ƙwan ya kwana hunturu a ciki, tsutsa ta ƙyanƙyashe tare da sabon ganye, ta cinye shi sai jijiyoyi. Idan ta girma ta zama ƙwaro ta sake cin wanda ya tofo. Shekara biyu ko uku a jere, itaciyar ta mutu. Ɗan Turai ne, amma an tsince shi a Ontario ta Kanada a 1947, ya shiga jihar New York a 1996, ya yi ɓarna mai yawa a nau'o'in da ke dazuzzukan can.

Za ka ce ai mu ba mu da dangin itaciyar, ƙwaron zai mutu da yunwa. Haka ne a kansa. Amma ba shi kaɗai ke kwana a reshen ba. Baƙar darɓar wake, Aphis fabae, tana ajiye ƙwanta na hunturu a jikin wannan itaciya, ita kuwa ba ta zaɓen abinci, tana bin wake da kayan lambu iri-iri tana yaɗa cututtuka. Reshe a jiƙaƙƙen tsumma cikin akwati, haka cututtukan gona suke ƙetare teku. Akwai hukumar killace kayan noma ta ƙasa, NAQS. Ka nemi izinin shigowa daga wurinsu, can Turkiyya kuma a ba da takardar shaidar lafiyar tsiron. Idan ka bi ta nan, ni da kaina zan so in ga abin da za ta yi a Mambila.

Ɗalibin Kayseri
Malam ka yi haƙuri, reshe kam ba zan ɗauko ba sai da takarda. Amma hotunan yadda suke dasawa da tazarar da suke bari zan turo maka.

Manomin Jos
Ba komai. Zan bi ta ofishin, mu ga ni.

Ɗan Maharba
Ina karantawa tun ɗazu. Baba, itacenta fa? Rassan da suke tashi miƙe daga tushe sun yi kama da abin da za a yi kibiya da shi.

Baba na Gandun Daji
Idonka na gida ne, ɗan maharba. A ranar 19 ga Satumba 1991 aka tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙara a duwatsun da ke iyakar Italiya da Ostiriya, ya yi kimanin shekara 5,300 a wurin. Ötzi ake kiransa, yana gidan tarihi a garin Bolzano. A cikin kwarinsa akwai sandunan kibiya 14, biyu kawai aka gama haɗawa da kan ƙanƙarar dutse da gashin tsuntsu. Da Viburnum lantana aka yi su, 'yar'uwar kalina mai son busasshiyar ƙasa mai farar ƙasa, wadda ganyenta bai rabu ba kuma bayansa da gashi-gashi. Tofonta miƙaƙƙe ne, mara nauyi, ba ya saurin tsagewa. A Amurka ta Arewa ma 'yan asalin ƙasar sun yi kibiya da wata 'yar'uwarsu, Viburnum dentatum.

'Yar Manchester
Baba barka da ƙoƙari. A gidan da muke akwai wata a tsakar gida, ganyen daidai yadda ka kwatanta, yatsu uku, yana yin ja kafin ya zube. Amma furenta dunƙulalle ne fari, kuma ba mu taɓa ganin ta yi 'ya'ya ba. A gefen rafin da muke bi zuwa makarantar yara kuma akwai masu jajayen 'ya'ya birjik. Yarana suna son tsinka, ina hana su. Ta yaya zan bambance?

Baba na Gandun Daji
Ta tsakar gidanku kalina ce, amma ta ado. Masu lambu ne suka zaɓi wadda duk furanninta suka zama irin manyan nan na gefe, babu ƙananan tsakiya ko ɗaya, shi ya sa tarin ya dunƙule kuma ba za ta taɓa haihuwa ba. Da dashe kawai ake yaɗa ta. Ana danganta asalinta da lardin Gelderland na ƙasar Holan.

Na bakin rafi kuwa ci gaba da hana su, 'yata. A shingayen Ingila akwai jajayen 'ya'ya masu guba da ke girma kafaɗa da kafaɗa da ita, wasu ma masu yaɗo ne da ke nannaɗe rassanta, har ki ɗauka curin nata ne. Idan kina son ki tabbatar don sani, ki bi curin da hannu har inda ya manne, ki ga reshen mai itace ne ba igiyar yaɗo ba. Ki duba ganyen bibbiyu ne masu fuskantar juna, yatsu uku, da 'yan ƙulle-ƙullen nan a sandarsa. Sannan ki matse ɗaya a yatsa: ƙwallo ɗaya falele za ki gani. Idan kika ga ƙananan iri da yawa, ko ƙwallon da ba falele ba, ba ita ba ce, ki wanke hannu.

Maman Ilham
Sannan ki sunsuna yatsan. Warin nan ba ya ɓuya. Su kansu tsuntsaye sukan bar ta sai sauran 'ya'yan itace sun ƙare, shi ya sa za ki ga curin yana rataye har Janairu bayan ganye ya zube duka.

'Yar Manchester
Na gode Baba, na gode Anti. Yaran dai ba za su ci ba, amma gobe in Allah ya kai mu zan nuna musu ƙwallon da ƙulle-ƙullen ganyen.